Kotar Malam Dickson

Litinin, da hantsi

Yau na yi wa sababbin ɗalibai bayanin Rumbu, kamar kowace shekara. Na ce musu kwalejin nan uwar kwamfuta ɗaya gare ta, ga ta nan a ɗakina tana gurnani, a cikinta malamai da ɗalibai da ofis duk suke ajiye aikinsu, shi ya sa muke ce mata Rumbu. Kowa da kotarsa, wato iya wurin da na yanka masa. Ɗalibi giga biyu, malami ashirin. In ka cika naka ƙofa ta rufe, ko kai ɗan gidan Shugaba ne. Wata yarinya daga baya ta ce, "Anti Tamar, in mutum ya roƙa fa?" Na ce ta tambayi 'yan aji uku dalilin da ya sa suke ce mini Mama Kota. Suka yi dariya. Su yi, za su zo hannu.

Tun da aka damƙa mini Rumbu bai taɓa cika ba, ba kuma a bana zai fara ba.

Malam Dickson bai zo aiki ba. Ranar Juma'a ya tafi wajen Kachia ɗaukar hira da unguwarzoma don darasinsa. An ga babur ɗinsa a gefen hanya. Ba na son rubuta fiye da haka.

Talata, da yamma

Ruwa tun asuba, sola bai ga rana ba. Babu labari.

Laraba, bayan tashi daga aiki

Na biya ta gidansu. Matarsa Afiniki na zaune a ƙasa a falo, matan zumuntar coci sun kewaye ta, an jera kuloli ba wanda ya buɗe. 'Yarsu Ƙauna sai leƙen ƙofa take duk lokacin da babur ya wuce. Sun ce waɗanda suka ɗauke shi sun kira ƙaninsa jiya. Na tambaya ko ya ji muryar Malam. Aka ce bai ji ba. Muka yi addu'a, na taho.

Ni dai na san Dickson. Mutumin da zai tsayar da ni a bakin ƙofa har ƙafata ta yi tsami a kan giga ɗaya, ba a gamawa da shi da sauƙi. Zai dawo ya ci gaba da damuna.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Bari in rubuta a tsanake.

Kullum da safe, kafin in sha shayi, sai na duba wa ya ƙara kaya a Rumbu, wa ya rage. Yau na ga foldar Dickson ta ƙaru. Na goge tabarau na sake dubawa. Ta ƙaru.

Bara aka zare masa waya a kasuwa, hirarrakin da ya yi ta wahalar ɗauka suka tafi da ita, ya zo nan kamar zai yi kuka. Shi ne na saita masa sabuwar: duk abin da aka ɗauka da ita, hoto ko murya ko bidiyo, da ta samu sabis sai ta turo shi Rumbu da kanta, ba sai an taɓa komai ba. Na ma manta na yi.

Na buɗe. Babur, an ɗauke shi ta gaba da ta gefe. Hannu da agogo biyu. Ganye da sararin sama. Sai wani saurayi mai wushirya, ya karkata kai yana yi wa kansa murmushi, hoto bayan hoto. Dickson ko hoton 'yarsa sai an tuna masa yake ɗauka. Wayar tana hannun wani, kuma wanin bai san tana magana da ni ba.

Alhamis, da la'asar

Na sami Shugaba, Dakta Zamani, na ce ya rufe ƙofa. Da ya gani sai ya nemi kujera. Ya yi waya, can wani jami'in tsaro ya zo cikin kayan gida, bai faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya kwafi hotunan, ya ce duk abin da ya shigo in sanar da shi, kuma kada kowa ya ji, har matar.

Na ce to, ni ma ga tawa. Foldar nan saura kaɗan ta cika. Ranar da ta cika Rumbu zai ƙi karɓa, wayar kuma ta fito da jan rubutu a fuskarta cewa ta kasa turawa. Mai wushirya zai gani. Daga nan sai ya juya ya kalli mai wayar.

Shugaba ya ce, "To ki kwashe na ciki mana, Madam, ki kai wani wuri."

Na ce, "Ranka ya daɗe, foldar da wayar abu ɗaya ne. Abin da na cire a nan zai ɓace a can. Ya wayi gari babu hoton babur ɗinsa."

"A sayo sabon faifai."

"Sai an kwantar da Rumbu kwana biyu kafin ya karɓi sabo. In wayar ta ƙwanƙwasa ta tarar a rufe, jan rubutun ne dai."

Ya girgiza kai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce haka ne.

Hanya ɗaya ce, kada in taɓa foldar, in yi ta faɗaɗa mata. Rumbu kuwa ya kai wuya, ga 'yan aji uku suna tsakiyar rubuta furojet. Wurin da zan ba Dickson sai na ƙwato shi daga hannun wani, kuma ba damar in ce don me. Shugaba ya tambaye ni ko zan iya. Na ce ai aikina ke nan.

Juma'a, tsakar rana

Ina cikin shan gwate a kantin Maman Yemima sai cokali ya tsaya mini a hanya. Saƙon gargaɗi. In folda ta kusa cika, Rumbu na aika wa mai ita saƙo ta waya, kuma ni da hannuna na mayar da shi Hausa, ina ta cika baki: "Malam, rumbunka ya kusa cika, rage kaya." Da na bar shi da Turancinsa ma da sauƙi. Na ajiye gwaten, na kwashi takalmi a hannu, na yi gudun da rabona da shi tun ina sakandare. Na kashe shi. Bai riga ya fita ba.

Ubangiji, na gode. Maman Yemima ta aiko mini da kwanon a rufe, wai ko cikina ne ya juya.

Asabar, da safe

Na fara da kaina don kada a ce. Hotunan bikin ƙanwata, waƙoƙin kwayarmu ta coci, duk na kwashe a filashi. Na bi tsofaffin bidiyon yaye ɗalibai, waɗanda ba wanda ya buɗe tun da aka saka su, na fitar. Wurin da na samu na zuba wa Dickson. Zai kai mu wani makon in mai wushirya bai haukace ba.

Rumbu bai cika ba.

Litinin, bayan azahar

Ya haukace. Ya gano bidiyo.

Yana ɗaukar kansa yana waƙa, yana ɗaukar rafi, yana ɗaukar kaji suna kiwo. Kaji! Bidiyo ɗaya na ɗan banzan nan ya cinye kotar ɗalibi guda har da ƙari. Wayar kuwa mai kyau ce, ni na zaɓa wa Dickson ita, ni na ce ya sayi mai ɗaukar hoto tar.

Babu yadda zan yi, na liƙa takarda a ƙofa. Malami ya koma giga goma, ɗalibi ɗaya, zuwa Laraba kowa ya rage kaya.

Malam Jamiluddeen na ɗakin gwaji shi ya fara zuwa. Mun daɗe muna tsokanar juna da shi, ya kawo mini naman Sallah in kai masa cincin ɗin Kirsimeti, yana ce mini Hajiya Babu, ina ce masa Alhaji Ƙara Mini. Yau babu wasa a fuskarsa.

"Madam Tamar, bidiyon darasina fa. Tun yaushe nake tara su. Ina kike so in kai su?"

"Ka sa a faifan hannu, Malam."

"Yaran su kalla a ina? A aljihuna?"

"Doka ce."

"Dokar wa? Na je wurin Shugaba, ya ce in zo wurinki."

"To tawa ce."

Ya ce, "Ban san haka kike ba." Ya fita, ko ƙofar bai ja ba.

Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Talata, da safe

Ba wanda ya amsa gaisuwata a ɗakin malamai sai mai shara. Ba komai. Ba gaisuwa aka ɗauke ni in tara ba.

Laraba, da hantsi

Na gan shi.

Bidiyon rawa ne, mai wushirya da wani suna tsalle-tsalle, wayar na lilo. Can a gefe, ƙarƙashin bishiya, mutum na zaune ya ba da baya, da koriyar rigar wasannin kwalejinmu. Riga kowa na iya sakawa, don haka ban yarda ba tukuna. Sai ya ɗaga hannu ya sosa bayan kunnensa da ɗan ƙaramin yatsa, yadda yake yi a taron malamai in an faɗi abin da bai gamsu da shi ba. Na mayar da wurin baya na sake kallo, na sake, na sake. Na kulle ƙofa na yi kuka, sannan na wanke fuska na kira mutumin nan mai kayan gida.

Ya rame. Amma a zaune yake da kansa, ba jingine ba.

Laraba, da magariba

An ce kada matar ta ji, ban kuma faɗa mata ba. Na same ta a bayan gida ita kaɗai, ta tasa kwanon acca a gaba har ya yi sanyi. Na zauna kusa da ita.

Na ce, "Maman Ƙauna, ki ci abinci."

"Ba ya wucewa, Anti."

"Ki ci. In ya dawo ya same ki haka, ni zai yi wa faɗa."

Ta ɗago ta kafe ni da ido. "Kin ji wani abu ne?"

"Ni na ce miki na ji wani abu? Cewa na yi ki ci."

Ta ci gaba da kallona, ni kuma na ƙi kawar da kai. Can ta jawo kwanon. Ba ta sake tambaya ba, na kuma zauna har ta cinye.

Juma'a, da rana

Wata 'yar aji uku, Joanna, ta zo tana kuka. Ta yini tana gyara babi na huɗu, ta danna ajiye, kota ta ƙi, aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Ta ce, "Anti, me muka yi miki?" Na ba ta filashina, na zaunar da ita a kwamfutata, na ce ta fara daga abin da take tunawa. Ta karɓa ba godiya. Da ni ce ita, ni ma ba zan yi ba.

Da na fito na tarar an rubuta a ƙofata da alli: MAMA KOTA TA CINYE RUMBU. Rubutun ma da kyau, wanda ya yi shi zai yi malanta. Wai finafinai nake tarawa a ciki, haka ake faɗa. To, ba su yi ƙarya ba ƙwarai. Fim nake tarawa, na kaji.

Na sake yanka. Malami takwas.

Lahadi, bayan sujada

An yi wa iyalin Dickson addu'a ta musamman. Da aka tashi, wata da ɗanta ke aji uku ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, mu da muke benci ɗaya a kwaya. Na rera waƙata daidai, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Daga coci na wuce ofis. Ruwa ya hana sola caji, sai da na tayar da janareta da kaina, zani a ɗaure, igiyar ta kusa cire mini kafaɗa. Rumbu bai kwanta ba, bai kuma cika ba.

Litinin, da safe

Bidiyo uku. Ba ya ciki.

Talata, da safe

Ba ya ciki. Amma ba duk gefen bishiyar aka ɗauka ba.

Laraba, da hantsi

Ƙafarsa. Na san takalmin. Ya isa.

Alhamis, bayan la'asar

Malam Jamiluddeen ya shigo ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Na yi sauri na kashe fuskar kwamfuta. Ban san ko ya ga wani abu ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Na kwashe kayana."

"Ai na gani, ka sauko takwas. Na gode."

"Duka na kwashe yanzu. Ki duba. Ki yi abin da za ki yi da wurin."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ki komai ba, Hajiya Babu, kada kuma ki faɗa mini komai. Ni dai na zauna na yi tunani. Matar da ta hana Shugaba ƙarin giga ɗaya ba za ta tara fim ba. Kuma na tuna wa kika saita wa waya bara, don a gabana kika yi."

Na ce, "Malam, baki shi ke yanka wuya."

Ya ce, "Nawa a ɗinke yake." Ya sa hularsa, ya ja mini ƙofa a hankali.

Na daɗe ban ji daɗin wannan sunan kamar yau ba.

Asabar, da safe

Wani abu na faruwa. Na zo da niyyar sake yanka, sai na tarar wuri ya buɗe da kansa. Malamar koyar da unguwarzoma ta kwashe rabin nata. Ofishin jarrabawa sun fitar da tsofaffin takardu. Ɗalibai, waɗanda sai na yi ta binsu da barazana, da yawa sun sauko ƙasa da abin da na yanka musu. Joanna ta bar babi biyar ɗinta kawai, ta share sauran.

An goge allin ƙofata, har an wanke wurin.

Na tare Malam Jamiluddeen a baranda, ya rantse bai ce wa kowa komai ba, na kuma yarda. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Sun ga mutum ya ɓace, sun ga Mama Kota ta fara abin da ba ta saba ba, sun ga wani baƙo na shiga ɗakina yana fita. Suka haɗa da kansu.

Tsoro ya kama ni. Abin da mutum ɗari suka sani ya tashi daga sirri. Da yamma na zaga kasuwa da gangan, na tsaya wurin mai tumatir wadda ba abin da ke wuce kunnenta a garin Kafanchan, na ja ta da hira. Ta ba ni labarin auren da ya mutu a layinsu da kuɗin citta, ba ta ce komai a kan waya ba. Na sayi tumatir ɗin da ban da bukata, na dawo.

A kwaleji ma ba mai cewa komai. Gaisuwa kawai ta dawo, ta ma yi tsawo.

Litinin, da safe

Babu abin da ya shigo.

Talata, da safe

Babu. Ƙila caji ne. Ƙila sun matsa inda babu sabis. Da damina haka sabis yake, ko a cikin gari.

Laraba, da rana

Babu.

Ga wuri fal, irin wanda ban taɓa samu ba tun da na fara aikin nan, kuma ba mai zuba komai a ciki. Na duba Rumbu ko laifinsa ne, na duba waya, na duba layin intanet, na tura wa kaina hoto daga waje ya shigo lafiya. Komai nawa daidai yake. Na sake dubawa duk da haka.

Mutumin nan mai kayan gida bai ɗauki wayata ba.

Alhamis, da la'asar

Shugaba ya zo da kansa, ya zauna a kujerar baƙi. Ya yi ta zagaye kafin ya faɗa. Mako mai zuwa za a miƙa furojet, yaran suna ta yawo da aikinsu a filashi, biyu sun riga sun ɓatar. Tunda shiru ya yi yawa, ko za a ɗan mayar musu da wani abu?

Na ce, "A'a."

"Madam Tamar, ni ma ina fata. Amma in har..."

"Ranka ya daɗe, kada ka ƙarasa. Waya in ta daɗe ba ta samu sabis ba, tara kaya take. Ranar da ta samu, gaba ɗaya za ta juye. In ta zo ta tarar na raba wurin fa?"

Ya ce, "Kin tabbata za ta zo?"

Na ce na tabbata.

Da ya fita na daɗe a zaune. Na tabbata. Na rubuta shi a nan ma, na tabbata.

Juma'a, da safe

Babu. Ban je gidan Afiniki ba a makon nan. Za ta kalli idona.

Asabar, da hantsi

Wayar ta zo.

Ina tsaye ina shan shayi na ga lamba ta fara motsi, tana hawa, tana hawa. Kayan mako guda cur, bidiyo kan bidiyo. Da na mayar wa yaran da wurin nan da yanzu wani labarin ake. Na tsaya a kanta har ta gama juyewa, shayin ya huce a hannuna. Ta tsaya saura ɗan kaɗan foldar ta cika.

Ban taɓa zaton zan yi murnar ganin wushiryar nan ba. Sun canza wuri, yanzu duwatsu ne. A na kusa da ƙarshe na ji tari daga gefe, sai murya ta ce, "Sannu." Dickson ne, yana yi wa wani sannu. Shi da ya kamata a yi wa.

Na kira Shugaba na ce, "Ranka ya daɗe, na ce maka." Ya ce, "Kin faɗa, Madam." 

Lahadi, da rana

Ana tsakiyar wa'azi wani dattijo ya hau ya yi wa Fasto raɗa. Fasto ya cire tabarau, ya rufe Littafi, ya ce, "Ɗan'uwanmu Dickson yana hanya." Ban san yadda aka yi ba, ban san wa ya yi me ba, ba kuma na son sani. Matan zumunta suka ɓarke da guɗa. Matar nan da ta daina gaishe ni ita ta rungume ni, har ta karya mini ɗan kunne.

Daga nan ofis na nufa. Na yage tsohuwar takardar, na rubuta sabuwa da manyan baƙaƙe: GOBE LITININ KOWA ZAI KARƁI KOTARSA, HAR DA ƘARI. Zan yanke wayar daga Rumbu, in kwashe kajin nan da raye-rayen in miƙa wa mai kayan gida, in share foldar tas. A ce Mama Kota ta yi kyauta sau ɗaya a rayuwarta.

Lahadi, da magariba

Gidan ya cika har waje. Yana kwance a tabarma, ƙafafunsa a kumbure, Ƙauna ta kwanta a jikinsa ta ƙi tashi. Afiniki ta ja ni ta kai ni gabansa, ta ce wa mutane su ɗan ba mu wuri. Ashe ta daɗe da ganewa.

Na durƙusa na ce, "Malam, sannu da dawowa. Ka ci mini Rumbu."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Na ba shi labari a taƙaice, ƙasa-ƙasa. Yana ji, idonsa na kan silin. Ya ce ya yi zaton haka, duk lokacin da ya ga yaron ya ɗaga wayar sai ya matso inda za ta kama shi.

Ya ce, "Tana wurinsu har yanzu."

"Na sani. Gobe da safe zan yanke ta, kowa ya huta."

Ya kama wuyan hannuna. Hannun ba ƙarfi, amma bai saki ba.

"Kada ki yanke, Tamar."

"Malam, na riga na liƙa takarda. Yaran nan sun sha wahala."

"Ni kaɗai aka sako. Akwai wani direba, Nuru, ƙafarsa ta rube. Akwai wata tsohuwa, Asibi, mai sayar da daddawa, ita nake yi wa sannu. Akwai wasu da aka kawo daga baya, ban ma gama sanin sunansu ba. Ba wanda ya san inda suke sai wayar nan."

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce bai sani ba.

Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Raina ya ɓaci, zan faɗi gaskiya. Na gaji. Ina son in koma Mama Kota ta da, mai faɗa a kan giga ɗaya ta tafi gida ta yi barci. Na taka har gida ban hau keke ba.

Litinin, da hantsi

Na tarar da layi a ƙofata tun daga baranda har matakala, kowa da filashinsa, ana ta raha. Malam Jamiluddeen ne a gaba da faifansa na hannu, yana cewa yau Hajiya Babu za ta zama Hajiya Akwai.

Na wuce su, na cire takardar jiya, na ninke ta. Na juyo na ce, "Ba yau ba."

Raha ta tsaya. Wani daga baya ya ce, "Anti, ai ya dawo."

Na ce, "Shi ya dawo."

Ba wanda ya motsa. Na ga Joanna ta kalli filashin da ke hannunta, jibi za ta miƙa aikinta. Malam Jamiluddeen ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Rumbu, sannan ya mayar da faifansa aljihu. Ya juya ya ce wa layin, "To, me kuke jira? Ba ku da darasi ne?" Suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya.

Yanzun nan wani sabon bidiyo ya shigo, dogo ne. Na ƙara wa foldar wuri, na jawo kujera, na fara bin gefe-gefensa a hankali. Ban ma san fuskar da nake nema ba.